Askin Sunan Ni'ima

Asabar, 5 ga Oktoba 2013, da hantsi. Stains, a gefen Paris.

Na zama kaka! Ni Maikano, ɗan wanzamin Tsibiri, na zama kaka a ƙasar Faransa!

Ɗana Benjamin, mijin Sabuwa, ya kira daga Lyon tun ban sha shayi ba. Ya ce, "Baba, Sabuwa ta sauka lafiya. Mace ce." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ajiye salula na durƙusa gaban gado, amma godiyar ta ƙi fitowa da kalmomi, sai dariya. Allah ya san dariya ma addu'a ce.

Na fita da silifa ƙafa guda na buga ƙofar maƙwabcina Alhaji Illiassou. Ya leƙo ya ce, "Kai tsoho, gobara ce?" Na ce, "Amarya na yi!" Ya ce, "Wace marar rabo ce?" Da ya gane jika ce, ya rungume ni har hularsa ta faɗi. Ya ce, "To ango, da wane haƙori za ka ci naman amarya?"

Da uwar Benjamin tana raye, da yau benen nan ya ji guɗa.

Na ciro askar babana daga ƙasan akwati. Da ita aka yi mini askin suna, da ita na yi wa Benjamin. Na wasa ta, na dafa ta cikin ruwan zafi. Na miƙa hannuna na duba. Ba ya rawa.

Asabar, 12 ga Oktoba, da maraice. Lyon.

Sunanta Ni'ima. Ni na raɗa mata a kunne, ni na yi addu'a, falo cike da 'yan gida, Kirista da Musulmi, kowa ya ce amin.

Kafin aski Benjamin ya ja ni kicin ya ce, "Baba, dole ne? Nan fa ba gida ba ne." Na ce, "Gashin ciki ba a barinsa. Kai da aka yi maka, kanka ya faɗi?" Sabuwa ta jiyo mu ta ce, "Ka bar Baba ya yi wa amaryarsa kwalliya." Yarinyar kirki.

Kan Ni'ima kamar ƙwan zabo. Na bi shi a hankali ina yi mata waƙa. Da na zo bayan kunne ta yi atishawa, aska ta ɗan taɓa. Ƙwarzane ne, bai kai ƙwayar gero ba. Ko kuka ba ta yi ba.

Ta yi barci a ƙirjina har baƙi suka watse. Shekaru na yi ina share ofisoshin mutane, na koyi riƙon biro da furfura a lakwal ta maraice, makarantar manya, yara suna yi mini dariya a bas don ina haɗa baƙaƙen allon talla da ƙarfi. Yau na ga abin da na yi wa wahalar. Ubangiji, ka cika mini ƙoƙona.

Litinin, 14 ga Oktoba, da la'asar.

Sun kai ta awo da safe. Benjamin ya dawo shi kaɗai.

Talata, 15 ga Oktoba, da maraice.

An riƙe Ni'ima a likita, wato asibiti, uwarta na tare da ita. Wai sai sun bincika ƙwarzanen da suka gani a bayan kunnenta.

Wata mata ta zo yau, ma'aikaciyar ofishin kula da yara. Ba zan rubuta sunanta ba. Na miƙa mata hannu, ta gyara jakarta. Na ba ta kujera mai kyau, ta zauna a bakinta kamar kujerar za ta shafa mata wani abu.

Tana yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya, kamar kurma. Na ce mata ina jin faransanci. Ta juya wurin Benjamin ta ce, "Ka gaya masa."

Wa ya yanki yarinya? Da me? Ina abin yake? Na kawo askar babana a cikin ƙyallenta. Ta sa safar hannu ta jefa ta cikin leda.

Me ya sa bayan yarinya yake da shuɗi shuɗi? Na ce haka 'ya'yanmu suke zuwa duniya, yana ɓacewa da kansa. Ta rubuta.

Sai ta yi tambayar. Ta ce, a ƙasarku ai kuna yanka 'yan mata a wani wuri ma, ko? Kaciyar mata take nufi. Yaushe na yi niyyar yin wancan? Ba ta ce ko ina da niyya ba. Yaushe, ta ce.

Na ce ni dattijo ne a ekilisiya. Ta ce, "Ah bon?", wato "Ashe?" Ta rubuta.

Laraba, 16 ga Oktoba, da azahar. Cikin jirgin ƙasa.

Za a sallame su gobe. Lokotoron fata ya duba bayanta ya ce ba duka ba ne. Amma akwai sharaɗi: kada yarinya ta kwana gida guda da ni, kada in taɓa ta sai sun gama bincikensu.

Benjamin ne ya gaya mini, yana kallon takalminsa. Ya ɗauki jakata har gar, tashar jirgin ƙasa. Bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa da ya fi.

Matar da ke kusa da ni ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya. Ki riƙe da kyau, baiwar Allah. Mahauci ne kusa da ke.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe. Stains.

Ban yi addu'a ba.

Alhamis, da maraice.

Alhaji Illiassou ya kawo mini soyayyen naman layya, kamar kowace shekara. Ya shigo yana cewa, "Ina ango? Amarya ta kore ka tun yanzu?" Ya ga fuskata ya nemi wuri ya zauna. Na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Aski? Askin suna?" Na ce askin suna. Ya ce, "La'ilaha illallahu. To ni da na yi wa 'ya'yana biyar, sai su rataye ni."

Ya ce in ci naman. Na ce ba na jin yunwa. Ya ce, "Ka ci, kafirin banza, fushi ba ya tsayuwa a kan cikin wofi." Na ci.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan sujada.

Na je majami'armu a Porte de la Chapelle don kada a ce. Mun tashi yin addu'ar da Ubangiji ya koya mana. Na bi su har inda ake maganar gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. A nan bakina ya rufe. Na jira suka wuce wurin, na sake kamawa.

Fasto Ɗan Juma ya gani. Mutumin Zariya ne, idonsa kamar na shaho. Ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baba Maikano, yau ka tsallake layi." Na ce, "Ba na yi wa Allah ƙarya." Ya ce, "Madalla. To ka yi wa matar ofishin nan addu'a." Na ce, "Ina yi. Ina roƙon Allah ya nuna mata." Ya ce, "Ya nuna mata me?" Na ce, "Shi ya sani." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Wata Baturiya da ke zuwa sujada tare da mu, mai son waƙoƙinmu, ta riƙe hannuna ta ce in fahimta, aikinsu suke yi, don kare yara ne. Kare jikata daga wa? Na zare hannuna. Shekara nawa muna cin Jibin Ubangiji a faranti guda, ba ta iya cewa "an zalunce ka" ba.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi.

Benjamin bai kira ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da la'asar.

A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga wata farar mata da jaririya, ba ta fi wata uku ba. 'Yan kunne biyu na zinariya. An huda kunnen, huji na gaske, har biyu. Mutane suna yi mata murmushi, wata tsohuwa tana cewa kyakkyawa ce.

Wa ya zo gidansu da safar hannu? Wa ya tambayi kakanta yaushe?

Na wuce tashata ban sani ba.

Ubangiji, kai ka ƙera wannan fatar. Ban roƙe ka ita ba, kai ka zaɓa, ka ce tana da kyau. To ka sauko ka gaya musu, don ni sun ce a gaya mini.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe.

Bai kira ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar.

Sabuwa ta kira, Benjamin ya fita kasuwa. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da gajiyar suna, sai muryarta ta karye. Ta ce, "Baba, kada ka riƙe shi a zuci. Tsoro yake ji. Matar nan tana zuwa ba sanarwa, tana buɗe firijo, tana tuɓe yarinya ta duba." Na ce tana tuɓe ta? Ta ce, "Kowane zuwa."

Ta kara salula a bakin Ni'ima. Na ji numfashi, na ji wani ɗan ƙara kamar na kyanwa. Na ce, "Amaryata, mijinki ne." Sabuwa ta ce, "Baba, ƙwarzanen ya warke tun tuni, ko tabo babu. Gashi ma ya fara tsirowa, baƙi wuluk."

Kowane zuwa.

Na durƙusa bayan ta kashe. Abin da na gaya wa Allah ba na dattijon ekilisiya ba ne. Na roƙi abubuwa a kan matar nan, na ambaci hannunta, na ambaci barcinta. Ban janye ko guda ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan sujada.

Na sake tsallake layin.

Fasto ya biyo ni har tashar bas da lemarsa. Ya ce, "Baba, fushinka na gaskiya ne, ban ce ka ajiye shi ba. Su annabawa ma sun yi wa Allah ihu. Abin da nake tsoro, kada matar nan ta ƙwace maka jika ta kuma ƙwace maka addu'a. Biyu ya yi yawa."

Na ce, "Kai an taɓa kallonka aka ga mahauci?" Ya ce, "Ni da digiri biyu, mai gadin kanti yana bina har wurin madara." Na ce, "Ka gafarta masa?" Ya ce, "Ran Litinin na gafarta. Ran Talata ya sake bina."

Bas ta zo. Na shiga.

Laraba, 30 ga Oktoba, da maraice.

Benjamin ya kira. Gaisuwa guntuwa, kamar ta mai bin bashi.

Masu kula da yara suna so su gan ni a ofishinsu sati mai zuwa. Aboka, wato mai tsaya mana a shari'a, ta ba da shawarar abin da zan faɗa. In ce ni tsoho ne da bai yi karatu ba. In ce ban san abin yana da haɗari ba. In ce al'adar ba ta da kyau, na gane yanzu, na yi nadama.

Na ce, "In ce babana jahili ne?" Ya ce, "Baba, magana ce kawai." Na ce, "Mutumin da ya yi wa rabin Tsibiri aski, ba wanda kansa ya ruɓe?" Ya ce, "Baba, ba Tsibiri muke ba!" Ya ɗaga mini murya. Ɗan da na goya a wuya.

Sai ya ce, "Kuma don Allah, kada ka ce mata amaryarka ko matarka a gabansu. Ba za su gane wasan kaka da jika ba. Za su rubuta."

Na zauna a bakin gado. Daga baya ya ce, a hankali, "In suka ɗauke ta fa? Suna iyawa. Ka san suna iyawa."

Na sani.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi.

Har wasa sun hana.

Lahadi, 3 ga Nuwamba.

Ban je sujada ba. Na ce ƙafa ce.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da la'asar. Lyon, a gar.

Na sa kwat, ban sa babbar riga ba. Su uku ne a bayan tebur, matar nan a tsakiya.

Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Duka. Ba zan rubuta shi a nan ba, takardar nan ba ta yi mini laifin komai ba.

Da na gama, namijin cikinsu ya ce, "Très bien, monsieur," kamar yadda malamar lakwal take ce mini in na karanta layi daidai. Ita ba ta ɗago ba.

Gidan Benjamin bai fi tafiyar tasha huɗu ba daga inda nake zaune. Jirgina na Paris sai an jima. Ina kallon tiram, jirgin cikin gari, da ke zuwa unguwarsu yana tsayawa, yana tashi.

Babana wanzami, ka yafe mini. Kai ka san don wa na yi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da safe. Stains.

Na wanke bakina da gawayi har dasashi ya yi jini. Har yanzu ina jin ɗanɗanon maganar.

Alhaji ya ce, "Wanda ya durƙusa wa wada don ya karɓi kayansa, in ya miƙe da tsawonsa zai miƙe." Na ce, "Har yanzu ban ga kayan ba."

Talata, 12 ga Nuwamba, da azahar.

An yarda in ga Ni'ima. Alhamis, awa guda, a ofishinsu, matar nan tana zaune tana kallo. In abin ya tafi daidai za a ƙara. In bai tafi ba, shi ke nan sai abin da alƙali ya ce.

Na yi rawa a kicin, ni kaɗai, sai na tuna don me nake rawa. Don an ba ni aron jikata. Na zauna.

Amma zan gan ta. Zan gan ta!

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da maraice. Cikin jirgin ƙasa.

Ɗakin yana da ƙananan kujeru da hoton raƙumin dawa a bango. Matar ta zauna a kusurwa da takarda a cinya, ta cire agogonta ta ajiye a kan tebur. Benjamin ya tsaya jikin ƙofa. Sabuwa ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗora mini yarinya a hannu.

Ta yi nauyi! Kumatu kamar an hura. Gashi ya cika kai, mai laushi, ya fi na da. Ta buɗe ido ta dube ni da fushi, irin fushin gidanmu. Sunan da nake kiranta ya zo har bakina, na haɗiye.

Na rungume ta. Sai na ji addu'ar da ta maƙale tun ran Litinin ɗin da aka riƙe ta ta motsa. Na ɗora hannu a kanta na fara addu'a da Hausa.

Matar ta ce, "En français, monsieur, s'il vous plaît." Wai in yi da faransanci, doka ce, dole ta fahimci duk abin da ake faɗa wa yarinya.

Na ce ba da yarinya nake magana ba, da Allah nake. Ta ce duk ɗaya ne.

Benjamin ya girgiza mini kai daga ƙofa. Na gan shi. Na san abin da zan iya rasawa, yana hannuna yana numfashi. Amma an ce in yi da faransanci, kuma ni ba na yi wa Allah ƙarya da kowane harshe.

Na rufe ido na yi da faransancina na lakwal ta maraice, mai karyayyar ƙafa.

Na ce, Ubangiji, na gode da Ni'ima. Ka ba ta lafiya, ka ba ta tsawon rai, ka sa ta yi tafiya a ƙasar nan kanta a sama.

Na ce, Ubangiji, ka ga matar da ke zaune can. Ta shigo gidan ɗana ta dube ni ta ga mahauci, don fatar da kai ka ba ni. Ta sa na zagi babana da bakina. Ina fushi da ita, kai ka sani, yanzu ita ma ta sani.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar biro.

Na ce, ka ce in so ta. Ban iya ba tukuna. Ka ce in yi mata addu'a, wannan zan gwada. Abubuwan da na roƙa a kanta kwanakin baya, ka bar su, kada ka yi. Ka ba ta lafiya. Ka ba ta barci. In akwai yaron da ake cuta da gaske, ka kai ta ƙofarsa da wuri. In kuma ka ba ta jika wata rana, kada ka bar kowa ya zauna a kusurwa da agogo yana auna mata. Madam Perrachon ce sunanta. A cikin sunan Yesu.

Sabuwa ta ce amin da ƙarfi. Benjamin bai ce ba.

Na buɗe ido. Matar tana rubutu. Wuyanta ya yi ja har kunne, amma hannunta bai tsaya ba. Ta cika shafi ta juya. To, ta rubuta. Yanzu addu'ata tana cikin dosiye, fayil ɗinsu, alƙali ma zai karanta.

Da lokaci ya cika ta ɗauki agogo ta ce lokaci ya yi. Ko minti ba ta ƙara ba. Na miƙa wa Sabuwa yarinya da kaina, kafin a ce in miƙa.

A baranda Benjamin ya ce, "Baba, ka kashe mu." Yana faɗa yana share ido da hannun riga. Muna tsaye sai ga Madam Perrachon ta fito, ta wuce Benjamin ta tsaya a gabana. Da ni ta yi magana, da murya irin ta mutane. Ta ce Alhamis mai zuwa, lokaci guda, ɗaki guda.

Ba ta ce yi haƙuri ba. Ni ma ban ce na yafe ba.

Rigata tana ƙanshin nono da hoda. Ga shi mun wuce gonaki, an fara kunna fitilu. Awa guda kuma, doka ta ce da faransanci. To, madalla. Akwai sauran magana tsakanina da Allah, kuma za ta zauna ta ji ta duka.